Na Saka Fashewar Kumbo a Tallan Fim ɗin Yayana

Anti, don Allah ki taimake ni, kwana biyar suka rage a fara nuna fim ɗin yayana.

Ni mai tace hoto ne, ni nake yanka tallan finafinai. Yayana darakta ne, shi ya koya mini aikin, a kwamfutarsa na fara. Shekara uku ya yi yana haɗa fim ɗin kimiyya, labarin wata tsohuwa da ta rage ita kaɗai a cikin kumbon sararin samaniya, sai mutum-mutumin da ke jinyarta. Fim ne mai sanyi, ba harbi ba gudu. Ni kaina sai da na yi hawaye a ɗakin tacewa.

To sai wani kamfani ya sa ranar fitar da nasa a mako ɗaya da namu. Nasu duk yaƙi ne, injuna na feshin wuta, fostarsu ta cika kowace katanga. Mai rarraba mana fim ya kira ni ofis, ya kunna tallanmu da nasu ɗaya bayan ɗaya, ya ce nasu kamar biki, namu kamar zaman makoki. Na ji zafi, Anti, domin ni na yanka shi.

Akwai wani wuri na daƙiƙa ashirin inda kumbon yake fashewa. Yaya ya cire shi tun bara, ya ce ba labarinsa ba ne. Yana nan a ma'ajiyata. Na ɗauko shi na liƙa a tallan, na ƙara masa ƙara. Yaya kuwa ba ya kallon tallan fim ɗinsa, wai faɗuwar gaba yake sa shi, ni ya bar wa amana.

Tallan ya bazu, tikitin ranar farko ya ƙare. Jiya ya rungume ni a gaban ma'aikata yana sa mini albarka. Mutane kuwa sai rubutawa suke suna jiran wurin fashewar. Ranar buɗewa zai tsaya gaban 'yan kallo ya amsa tambayoyi, bai san komai ba. Har na fara tunanin in mayar da wurin cikin fim ɗin a ɓoye, tunda kwafin ƙarshe a hannuna yake. Ya zan yi?

Ƙanin darakta

Ƙanin darakta, da farko ka cire hannunka daga kwafin nan. Ka taɓa talla, kada ka taɓa fim. Na farkon kuskure ne da za a iya gyarawa, na biyun cin amana ne da ba lallai ya yafe ba.

Ban ce mai rarrabawa bai da gaskiya ba. Fim mai kyau da ba wanda ya zo kallo, asara ce, kuma na san son ganin nasarar yayanka ne ya ja ka, tare da ɗan jin haushin an kushe aikinka. Amma kun gwada abin da ba a gwadawa. Su wuta suke sayarwa kuma suna da ita, ku tsohuwa da mai jinyarta kuke da su. Wanda ya sayi tikiti don fashewa zai fito yana zagi, sunan yayanka zai kama, ba naka ba.

Ka same shi yau, ku biyu, ka kunna masa tallan da hannunka. Kada ka fara da laifin mai rarrabawa. Zai yi fushi, ka jure. Ka je da sabon talla na gaskiya a shirye, da gajeren bayani ga jama'a da sunanka a ƙasa. Wasu za su mayar da tikiti, a bar su.

Gara ya ji daga bakinka a ɗaki, da ya ji daga bakin baƙo yana riƙe da makirufo. Allah ya sassauta zuciyarsa, ya ba ka ƙarfin ƙwanƙwasa ƙofar.