Na yanka zannuwan ƙawata kafin a raba gado

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Admin ki taimaka ki ɓoye sunana, don a Kazaure ko tari ka yi sai an gane muryarka. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi raina a ɓace yake, sati biyu ke nan ko abinci ba na jin daɗinsa.

Ina da ƙawa, bari in kira ta Sa'a, wata uku ke nan da Allah ya yi mata rasuwa. Tun muna sakandare muke tare, aure ya sake haɗa mu unguwa ɗaya. Sa'a ba ta iya ganin abu ya lalace ta wuce, famfon unguwa ya mutu ita ce bin gida gida, wata ta haihu ita ce da kunun kanwa tun da sassafe. Amma abin da aka fi saninta da shi ɗinkin bargo ne. Teloli take bi tana karɓo ƙyallayen da suka rage, har wani tela a Babura yana tara mata a buhu ya ba direba ya kawo. Duk Asabar bayan la'asar mu takwas muke haɗuwa a tsakar gidanta, a yanka ƙyallayen daidai, a harhaɗa, a sa auduga a tsakiya a ɗinke da hannu. Ana yi ana hira ana cin gyaɗa, ita kuma tana bin ɗinkin kowa, in ta ga naki ya karkace sai ta ce haba Hajiya, wannan ai hanyar gona ce da damina, warware. In an gama a kai wa mai jegon da ba ta da hali ko wata tsohuwa, kuma ba ta taɓa yarda a ɗauki hoto ba.

Kwana biyu kafin a wuce da ita asibiti Kano na je duba ta, daga ni sai ita a ɗaki. Ta nuna min wata jaka a bayan ƙofa ta ce in ɗauka in ƙarasa wa Iya Dije bargonta kafin sanyi ya shigo, duk abin da nake buƙata yana ciki. Iya Dije wata tsohuwa ce a wani ƙauye gaban Roni, ɓarin jikinta ya shanye, jikarta ce kawai ke kula da ita. Na ce to, na ɗauka, har ina tsokanarta wai tana kwance ma ba za ta bar mutane su huta ba. Ashe ganinmu na ƙarshe ke nan.

Bayan sadakar bakwai na buɗe jakar, na tarar da bargon an yi rabi, ga ƙyallaye, can ƙasa kuma ga zannuwanta huɗu a ninke an goge su. Na auna na ga ƙyallayen ba za su isa bayan bargon ba, sai na ce ai abin da take nufi ke nan, na sa almakashi. Ban tambayi kowa ba, nan ne kuskurena, na yarda. Asabar uku muka yi muna ɗinki muna kuka, na ɗauka da kaina na shiga mota zuwa Roni na hau acaɓa na kai. Da na lulluɓa wa tsohuwar nan na faɗa mata Sa'a ta rasu, kuka ta dinga yi tana shafa shi da hannun nata mai motsi tana addu'a.

To wata a cikinmu, mai rawar kai, ashe ta ɗauki hoton bargon ta sa a sitatus ɗinta. Anti Larai, yayar Sa'a, tana gani ta gane atamfofin, kuma daidai lokacin ake haɗa kaya za a raba gado. Ta kira ni, ko gaisuwa ba ta bari na gama ba, wai na ci dukiyar marayu, wai dama ƙawancen nawa na kwaɗayi ne, wa ya san me kuma na kwasa a ɗakin. Ni! Ni da na riƙe buta ana yi wa Sa'a wanka. Na ba ta haƙuri, na ce zan sayo sababbi irinsu in kawo, ta ce ita ba sabo take nema ba, na ƙanwarta take so, in je in karɓo bargon in kawo kafin Juma'ar da za a yi rabon kowa ya gani da idonsa.

Mijin Sa'a, Allah ya saka masa, ya ce shi ya yafe nasa kason. Malamin da zai yi rabon ya ce in har Sa'a ta faɗa to kamar wasiyya ce, amma ba ni da shaida, kuma yaran uku ba wanda ya isa ya yafe musu haƙƙinsu. Abin da ya fi ƙona min rai matan da muke ɗinkin ne, kowa ta zame, ita mai hoton har cewa take ai ba ita ta riƙe almakashi ba. Biyu mazansu sun hana su zuwa, Asabar ɗin da ta wuce ni kaɗai na zauna da buhun ƙyallaye. Abin da Sa'a ta shekara tara tana yi, wai zani huɗu ne zai kashe shi, haba jama'a.

Kuma in faɗa muku gaskiya, ni kaina yanzu na fara kokwanto. Ta ce duk abin da nake buƙata yana ciki, amma ba ta ambaci zani ba. In ajiye su kawai ta yi ta manta fa?

Har jiya da safe na yanke ba inda zan je, duk abin da za a kira ni a kira ni, ba zan yaye wa tsohuwa mara lafiya bargo a cikin sanyin nan ba. Sai ga Ummi, babbar 'yar Sa'a, shekararta goma sha huɗu, ta dawo hutu daga makarantar kwana ta shigo gaishe ni. Ba ta yi min rashin kunya ba, kanta a ƙasa ta ce Anti ni ba ruwana da rabon da ake yi, koren zanin nan kawai nake so, shi Mama take ɗaurawa duk ranar da ta zo ziyara makaranta, ko gefensa ne ya rage ki ba ni. Na zazzage buhun nan kaf a gabanta, ko yanki ɗaya bai rage ba, koren shi na shimfiɗa a tsakiyar bargon.

Jibi Juma'a. Ku da kuka fi ni sani, in je Roni in tsaya a gaban Iya Dije da almakashi in farke abin da Sa'a ta ce in kai mata, ko in kalli yarinyar nan in ce mata babu? Don girman Allah kada ku zage ni, na sha zagin ya ishe ni, ku dai faɗa min wanne zan yi.