Zabuwar da Ajimi Yake Yi

Gwange, Maiduguri
Ranar Lahadi

Zuwa ga Ya Kaltum,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da 'yarmu Rahmat da jaririyarta. Yaya wankan jego, yaya mutanen Potiskum? Na ba direba wannan takarda hannu da hannu don maganar ba ta waya ba ce.

Ɗanki Ajimi ya canza. Tun da kika tafi, kullum bayan la'asar sai ya sulale, ya dawo gwiwoyinsa duk ƙasa. Na tambaye shi, ya ce aikin jami'a ne. Wace jami'a ce ake karatu da gwiwa? Shekaranjiya na leƙa ɗakinsa na tarar yana faɗuwa ƙasa yana tashi, sau wajen goma, ko motsinsa ba a ji. A bayan ƙofa kuma ga sanduna shida, tsawonsu ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kallo. Ina tsaka da wankin huluna sai in ji ido a ƙeyata. In na tafi masallaci yana biye da ni daga nesa, da na waiga sai ya tsaya yana gyara takalmi.

Kin san abin da nake tsoro. Yayansa Abdulnasir ma da shiru ya fara, yau shekara goma sha biyu ko labarinsa ba mu ji ba. Ba zan zauna in sake kallon wannan da idona ba.

Mijinki,
Tahir

Ranar Laraba

Ya Kaltum,

Ina gaishe ki, Allah ya ƙara wa mai jego lafiya. Saƙonki ya iso, cewa in zaunar da shi in tambaye shi a hankali. Ke har yanzu ɗan goye kike ganinsa. Wanda ya ɓoye abu, tambaya ba ta fito da shi.

Jiya ni na bi shi. Ya hau keke napep har Galtimari, ya shiga wani kango mai katanga. Ta ɓular bulo na hango su, sun kai goma sha biyu. Suna rarrafe a jere, a buga ganga sau ɗaya su zube, a sake bugawa su miƙe. Wasu suna hawa kafaɗar wasu. Babu mai magana, babu mai dariya. Na ga mata a cikinsu, amma wannan bai kwantar mini da hankali ba.

Kada ki tsine mini. Da safen nan na je wurin Ba'ana, shugaban 'yan sa-kai na unguwarmu, na ba shi sunan Ajimi da kwatancen wurin. Ya rubuta a littafinsa ina kallo. Ya ce gobe za mu je tare. Gara a kama mini shi da rai da in rasa inda zan nemo shi.

Naki,
Tahir

Ranar Juma'a

Ya Kaltum,

Ina fata kun tashi lafiya. Ni dai lafiyar jiki kawai gare ni.

Mun je, Ba'ana da gorarsa, ni a bayansa. Wata mata ce ta tare mu, Malama Phebe, 'yar Biu, mai koyar da wasan kwaikwayo a jami'arsu. Ko a jikinta. Ta sa aka shimfiɗa mana tabarma, ta ce tatsuniya suke shiryawa, kuma dokarta ita ce ba a furta kalma ko ɗaya, jiki ne zai faɗi komai. Sandunan nan fukafukai ne. Masu hawa kafaɗa tsamiya suke zama, masu rarrafe kuma kogi.

Tatsuniyarki ce, Kaltum, wadda kike yi musu suna ƙanana: zabuwar da shaho ya ɗauke wa ɗa, sai ta danne sauran a ƙarƙashin fiffike, ta hana su fita ko da neman tsaba. Ajimi ne ya kawo musu ita, shi ne kuma zabuwar. Malamar ta ce ta umarci kowa ya nemi tafiyar dabbarsa a jikin mutum mai rai, ya yi ta kallonsa har ya iya.

Da Ajimi ya fito ya gan ni kusa da gorar Ba'ana, na san ya gane. Bai tsaya ba. Ya taho yana jan ƙafar hagu, taku uku ya waiga, taku uku ya waiga. Aka buga ganga, ya zabura yana ƙirga 'ya'yansa da yatsa, ya kai ƙarshe ya sake farawa, kullum ɗaya babu. Ba'ana ya dubi ƙafata, ya sunkuyar da kai. Ban taɓa sanin haka nake tafiya ba. Kunya ta kama ni, na kuma ji tausayin tsuntsuwar nan kamar in yi kuka.

Da aka zo inda 'ya'yan suke mutsu-mutsu a ƙarƙashinsa suna neman iska, sai ya tsaya cak, fiffike a rufe, idonsa a kaina. Nan aka tashi daga gwajin wasan. Malamar ta ce ƙarshen a hannunsa yake, kuma har yau bai yanke ba.

Na roƙi Ba'ana ya yage shafin, ya yage ya ba ni. Na ajiye wa Ajimi a kan filonsa. Tun daga nan gaisuwa ma da ka yake yi mini, ni kuwa ban san bakin da zan ba shi haƙuri da shi ba. Yau dai na tarar da katin gayyatar wasan a saƙale jikin hular da nake shanyawa. Asabar mai zuwa ne da hantsi, ki yi ƙoƙari ki dawo kafin nan.

Ɗazu da zan tafi Juma'a na ɗaura niyyar ba zan waiga ba har masallaci. Sau biyu na waiga. Ajimi ba ya biye da ni.

Ki shafa mini kan jaririya.

Mijinki,
Tahir