Agogon Baba Ya Hana Ni Gaida Kawu

Goggo, don Allah ki taimake ni da shawara, kafin zuciya ta sa ni abin da zan zo ina cizon yatsa.

Babanmu ya ƙarar da ƙarfinsa a masana'anta, gaban injin da ya cinye masa kunne ɗaya. Ranar da ya yi ritaya ba abin da suka sallame shi da shi sai agogon hannu mai ruwan zinare, irin na da wanda ake murɗa wa kai kullum safe, ba ruwansa da batir. Muna yara ko taɓa shi ba ma yi. Idan zai wanke hannu sai ya cire shi ya naɗe a hankici. Da mutum zai tambayi Baba me wahalarsa ta haifa, agogon nan zai nuna kafin ya nuna mu.

Yanzu ƙanena zai yi aure, Baba ya ce shi zai ba wa agogon. Ya miƙo mini in kai a wanke shi, a kuma faɗa mana darajarsa. Na kai wa wani mai sana'ar tsofaffin agoguna. Ya maƙala gilashi a ido, ya buɗe bayan, sannan ya juyo mini da shi. Goggo, wani ɗan mitsitsin inji na gani a tsakiya, an tokare shi da zoben roba don kada ya yi lilo. Ya ce gidan agogon na asali ne, lambar da ke bayansa ma daidai take, amma injin ba nasa ba ne. Fuskar kuma an sake mata fenti, har wani harafi ya karkace. Wai masu neman irin wannan agogo injin suke bi, mu ƙwanso ya rage mana.

Kafin wannan rana, mutum ɗaya ne ya taɓa buɗe agogon nan a duniya: aminin Baba, mai gyaran agogo, wanda muka taso muna kira Kawu. Idonsa ya yi rauni ya bar sana'a, shi ya sa ban kai masa ba. Kullum yamma yana ƙofar gidanmu, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya sha shayinmu, ya riƙa ɗaga murya a kunnen Baba mai ji suna dariya. Ni nake kai musu tiren! Yanzu idan na gan shi sai in kau da kai. Na daina gaida shi, har ya aiko yana tambaya ko lafiya. Mijina ya ce in yi shiru, tsoho ya cika da farin cikinsa. Shi da sauƙi, ba ubansa aka mayar wawa ba. Baba kuwa kullum sai ya tambaye ni me masanin ya ce, ni kuma ina ta kwana-kwana.

In tona wa Kawu asiri ne, ko in haɗiye?

Wadda abin ya tsaya wa a rai.

AMSA

'Yata, ɓacin ranki yana kan hanya, amma kin yanke hukunci ba ki ji ta bakin wanda ake tuhuma ba.

Ana satar injin agogo, ba na musu. Sai dai kuma tsohon inji yakan mutu, a nemi kayan gyaransa a rasa, mai gyara ya sa wanda ya samu don agogon ya ci gaba da tafiya. Fuskar da ruwa ya ɓata ma akan sake mata fenti. Wannan yana karya daraja a wurin masu saye, amma ba sata ba ce. Wa ya sani ma ko da sanin Babanku aka yi?

Ki fara kai shi wurin wani masani na biyu, wanda ba ya neman saya, domin mai son saye ba ya yabon kaya. A buɗe a gabanki, ki ɗauki hoto, kuma kada ki bari a goge gidan ko a canja komai.

Daga nan ki je gidan Kawu ke kaɗai, ki durƙusa ki gaida shi, ki tambaye shi tarihin gyaran cikin ladabi, da inda tsohon injin yake. Masu wannan sana'a sukan adana abin da suka cire. Idan ya fito da shi, ki nemi gafararsa. Idan ya kama kame-kame, kin sami amsa, sai ku zauna da ƙanenki ku san yadda za ku ɓullo wa abin.

Baba kuwa kada ki yi masa ƙarya. Ki ce gidan na asali ne, cikin ya sha gyara, kina bincike. Mutumin da ya jure rugugin inji har ya tsufa ba zai kasa ɗaukar wannan ba. Amma ki sani, tsoho yana iya rayuwa ba agogo, da wuya ya rayu ba abokin hira. Kada ki raba su a kan zato.

Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya sa a yi biki lami lafiya.