Albasar da Kike Zuba Mini

Yaya,

Na wuce makaranta, ban tashe ki ba. Ɗazu na ga niƙaƙƙiyar albasa a bayan tukwane. Inna ta ce sati uku ke nan kina zuba mini ita a miya a ɓoye, wai ki gani ko ciwon hanjin nan raki ne kawai.

To, kin gani. Ranar Laraba sau biyar ina barin ɗalibaina a aji, ina gudu banɗaki, cikina yana murɗawa. Da na dawo ina kuka, ke kika rungume ni kina cewa, "Sannu, Auta."

Ke na fara nuna wa takardar abubuwan da likita ya hana ni ci, Yaya.

Kada ki ajiye mini abincin rana. Daga yau ni zan dafa nawa.

Ƙanwarki