Hamma, Wai Sun Yafe Maka

Zuwa ga yayana, Hamma Sa'idu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci ƙanwa ga wanta, da fatan kana cikin ni'ima a makwancinka, ni ce Hauwa'u nake rubuto maka daga Azare. Na san ba za ka karanta ba. Amma waɗanda nake so su gani za su gani, shi ya sa na rubuta a fili.

Abin da ya tayar da ni shi ne hoton Nasiru, ɗan Kawu Buba, da ke yawo a wayoyin mutane kwanan nan. Yana sanye da farar riga da hular matuƙa, an rubuta wai ya zama kyaftin ɗin jirgin sama, abin alfaharin ƙasar Katagum. Na yi masa murna, Allah shaida ne. Sai na gangara ƙasa na ga wani ya rubuta cewa ya kai ga haka duk da maƙiyan cikin gida. Mutane suna ta danna masa alamar yabo. Kai suke nufi, Hamma. Kana ƙasa ma ba su ƙyale ka ba.

Ina tuna lokacin da ka bar tuƙin jirgi a kamfani ka koma aikin gwamnati. Dangi suka ce ka zauce. Wa ke sauka daga sama ya koma kujerar ofis? Ka zauna a tsakar gida kana yi wa Inna bayani tana tankaɗe. Ka ce hukumar da ka shiga ita ke lura da makarantun koyon tuƙin jirgi, da yadda ake jarraba matuƙa kafin a ba su lasisi. Naka aikin shi ne ka zauna a baya ka sa ido a kan mai jarrabawar kansa, ka tabbata bai ɗaga wa kowa ƙafa ba. Inna ta ce wato kai ne mai duba mudun masu awo. Ka yi dariya har da ƙwalla, ka ce a duk hukumar ba wanda ya taɓa faɗin aikin daidai kamar haka.

Kai ne ka kwaɗaita wa Nasiru tuƙin jirgi tun yana sakandare. Wannan ma an manta. Kai ka shawo kan Kawu ya kai shi makarantar, ka ba shi tsofaffin littattafanka.

Sai aka tura ka duba wannan makaranta. Ka gaya wa na gaba da kai cewa kana da ɗan'uwa a can, a tura wani, aka ce babu kowa a ƙasa sai kai. Abin da ka tarar, ka ba ni labarinsa daga baya a gonarka. Akwai wani ɗaki da aka ƙera kamar kan jirgi, inda ake gwada ɗalibi a ga abin da zai yi idan inji ɗaya ya mutu suna sama. Mai jarrabawar makarantar yana tsallake wannan gwaji, ya ce ɗalibai sun ci. Ka soke sakamakon ajin gaba ɗaya, ka ce a sake a hannun wani. Da aka sake, wasu suka haye, wasu suka faɗi. Nasiru na cikin waɗanda suka faɗi. Ba kai ka jarraba shi ba, ba ka ma cikin ɗakin.

Kawu ya riga ya gama shelar cewa ɗansa ya gama. An yi masa barka a kasuwa, an yi masa a masallaci. Ya same ka har gida ya ce ka gyara, ai kalma ɗaya ce daga bakinka. Da ka ƙi, sai ya kawo ƙara wajen Inna, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya.

Ina nan ranar da ta kira ka. Ka zo daga Abuja da rana tsaka, ka durƙusa a bakin ƙofarta, ko ruwa ba ka sha ba. Ta ce maka zumunci ba abin wasa ba ne, Buba kuma shi kaɗai ya rage mata. Kanka a sunkuye ka ce: "Inna, in na sa hannu ya hau da 'ya'yan mutane bai iya ba, ranar da injin ya mutu da gaske, ba ni da abin da zan faɗa wa iyayensu. Shi ma Nasirun ina so ya dawo wa Kawu da ransa." Inna ba ta ce ka yi daidai ba, ba ta kuma sake roƙonka ba. Ta dai ce a kawo maka fura.

Daga nan Kawu ya ɗauke ƙafa daga gidanmu. Sallah ta zo ta wuce, bai leƙo ba. Inna ta kwanta ciwo, kullum kunnenta na ƙofa, ko wa ya yi sallama sai ta tambaya ko Buba ne. Bai zo ba sai da aka fito da makara. Ka tsaya kusa da shi a sahu, ka miƙa masa hannu bayan an idar, ya yi kamar yana gyara rawani.

A wurin aikin ma ba su bar ka ba. Mai makarantar yana da mutane. Ba a kore ka ba, domin babu laifin da za a kama ka da shi. Sai dai aka daina tura ka duba kowa, aka ba ka wani ofis a ƙarshen baranda, yaran da ka koya wa aiki suka riƙa wuce ka a girma. Ka yi shekaru kana zuwa da safe da takalminka a goge, ka zauna, ka tashi. Daga ƙarshe ka ajiye aikin ka dawo gida, ka kama noman gero da wake a hanyar Giade.

Mutumin da ya san sararin sama kamar tsakar gidansu, ga shi a kan tsohon babur yana neman taki. Ban ce noma abin kunya ba ne, shi ya ciyar da mu. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda majalisa kan yi tsit idan ka wuce, da kalmar da suka liƙa maka: hassada. Wai ba ka so a samu matuƙi na biyu a dangi. Matarka ta daina zuwa biki saboda habaici. Ni kaina na yi faɗa da mata a gidan suna har mayafina ya faɗi, ka kira ni ka ce kada in sake.

Nasiru ya koma ya sake horon da ka ce a sake, ya ci da guminsa. Kawu ya yi walima, aka yanka sa, ba a aiko mana ko da goro ba. Na zo gona da fushina na gaya maka. Ka jingina fartanya, fuskarka ta washe, ka ce: "Alhamdulillahi. Yanzu ko ni zan shiga jirginsa in yi barci." Na ji kamar in yi ihu. Na so ka ji haushi ko sau ɗaya, in samu abokin fushi.

Hawan jini ya kayar da kai a daminar da ta biyo baya. Ranar sadakar uku ina daga cikin zaure, bayan labule, ina jin masu gaisuwa. Kawu ya zo da jama'arsa. Bayan an shafa fatiha, ya gyara murya yadda kowa zai ji, ya ce shi dai abin da ya wuce ya wuce, sun yafe maka duniya da lahira. Aka yi ta cewa Allah ya saka wa Alhaji, wannan shi ne girma. Na cusa mayafi a baki don kada a ji ni.

Sun yafe maka, Hamma. Har yau ina neman laifin.

Nasiru bai zo ba, ya aiko saƙo ta waya cewa yana bakin aiki. Ban riƙe shi da wannan ba. Abin da nake jira daga gare shi kalma ɗaya ce a gaban mutane, ya ce abin da ka tilasta masa ya koya yana cikin abin da yake taƙama da shi yau. Ya ga abin da aka rubuta a ƙarƙashin hotonsa. Ya yi shiru.

Hammana, ka yi haƙuri da ni. Na san da kana nan da ka ce in goge wannan. Kai ka tafi da zuciya fes, ni tawa ba ta kai can ba tukuna. Yaranka suna lafiya, matarka Maryam na ƙoƙari, waken bana ya yi kyau. Ina kewar sallamarka da la'asar, da yadda kake kirana Kuluwa alhali ka san ba na so.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da Inna a inuwar da babu gori. Duk wanda ya sauka lafiya daga jirgi albarkacin tsayuwarka, bai ma san sunanka ba, Allah ya sa a mizaninka. Ni kuma Allah ya sanyaya mini zuciya, domin har yanzu idan na hango Kawu a hanya, tsallaka titi nake yi.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Hauwa'u
Azare