Mashin Lekishon

Kawu Parsimei,

Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Daga nan garin Limuru nake sunkuyar da kai ka dafa, kamar yadda muke gaisuwa a gida. Ina Mama, ina shanu?

Na ji zakuna uku 'yan'uwa sun ƙetaro kogin Mara sun ƙwace matan tsohon zakin nan mai tabo, yunwa ta koro shi garkenmu ya kashe maraƙina. An ce yayana Lekishon ya fita da mashi shi kaɗai, ka tare shi ka ce, "Kai da bunsuru ya kayar bara? Kawo mashin, zo mu ƙara wa shinge ƙaya."

Kawu, na gode. Maraƙi ana samun wani, amma yayana ɗaya ne.

Ina lafiya. Akwai sanyi, babu madara, wasu kuma suna dariyar giɓin haƙorana, amma ba kullum ba. Na fara sabawa.

Don Allah kada ka mayar masa da mashin. Shi ba ya faɗa mini gaskiya, kai kana faɗa. Ka yarda in sake rubutowa in tambayi labarinsa?

'Yarka,
Resiato