Rijiyar Gidanmu da Wankan Jego

Funtua,
Yuli.

Zuwa ga Hajiya Uwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da mai jego da jaririya da mutanen gidan na Kaduna. Mu a nan lafiya muke. Na zaɓi in rubuto ne ta hannun direban tasha, domin a waya kullum sauri kike yi, ni kuwa kunnena ya yi nauyi.

Ban ga laifin surukinmu Abubakar Sadiq ba da ya ce babbar 'yarmu ba za ta zo wankan gida ba sai an tabbatar da lafiyar rijiyarmu. Sai dai gidan ya yi mini faɗi tun da kika tafi. Ina dawowa daga gonar Maska in yi sallama, sai kaji su amsa.

Ɗalibin nan na jami'a mai binciken rijiyoyin unguwa, Malam Awaisu, ya zauna da ni a zaure ya yi mini bayani. Ya ce ƙazantar sokawe, wato ramin masai, tana tsatsafawa cikin ƙasa zuwa rijiya ɗauke da wani sinadari, naitiret, wanda babba kan sha ya wuce, amma yana hana jinin jariri ɗaukar iska. Abin da ke tsinka shi kuwa shi ne ruwan saman da ya nutse cikin ƙasa. Ya ƙirga sokawen layinmu, har da na sabon benen Alhaji Sikiru, ya ɗauki yawan ruwan da Funtua ke samu a shekara, ya ware kason da ƙasa ke sha. A lissafinsa na farko, ruwan ya isa ya tsinka sinadarin. Ya gargaɗe ni cewa ƙiyasi ne, sai ya ga yadda rijiyar ta taso zuwa ƙarshen damina. Ni dai na sa an share ɗakinki na da, an kuma sauke itacen wanka.

Ki gaya mini da wa yarinyar ta yi kama. Hoton waya ba ya gamsar da ni.

Naki,
Abdussamad.

Funtua,
Satumba.

Zuwa ga Hajiya Uwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ɗawainiya, ina kuma roƙon Allah ya raya jaririya. Na ji daɗi da kika ce goshina ta ɗauko, ko da yake ban san ko yabo ne ba.

Duk daminar nan Malam Awaisu yana zuwa da igiyar awonsa mai ƙara idan ta taɓa ruwa. An yi ruwa sosai, masara ta yi kyau, amma rijiyar ba ta taso yadda ya zata ba. Wata ranar Laraba ruwa ya tsare shi a zaurenmu, muka zauna muna kallon yadda yake zuba daga kwano, ya bi siminti, ya faɗa kwata ya nufi rafi. Can sai ya ce kason da ya ware na ƙasar gona ne, alhali a layinmu babu tsakar gidan da ba a dafe da siminti ba. Kowa ya gudu daga caɓi, ƙasa kuma ta rasa abin sha, sokawe kuwa ba ya hutu rani da damina. Da ya sake lissafi, ya dace da awon ruwan rijiyarmu da ya kai Zariya aka gwada: sinadarin ya haura abin da jariri zai ɗauka.

Na ce masa ai tafasawa muke yi. Ya ce tafasawa ƙara masa ƙarfi take yi, domin ruwa ne ke tashi, shi ya zauna a tukunya.

Na san za ki ce a sayi ruwan leda. Na yi wannan tunani. Amma gidanmu gidan jama'a ne. Yaya Mansura ta riga ta tanadi saiwoyin daurin da za ta dafa wa yarinyar, kin kuma san ba ta taɓa yarda akwai ruwan da ya kai na rijiyar mahaifinmu ba. Ba zan iya tsare kowace randa ba.

Saboda haka, Hajiya, kada ku zo. Hannuna bai so rubuta wannan ba.

Ni zan zo. Ban taɓa kwana gidan suruki ba, ba kuma zan fara da tsufana ba. Na yi magana da abokina Malam Shitu na Tudun Wada, a wurinsa zan sauka. Masara ta jira ni. Ranar Asabar da hantsi zan tsaya a ƙofar gida. Ba sai an yi mini shimfiɗa ba. Ki fito mini da jaririyar da hannunki, in gan ku tare.

Naki har kullum,
Abdussamad.